Filin Kwabo Biyu

Kafin a kafa tuta ko ɗaya a nan,
wanki ake shanyawa.
Matan masunta su baza zannuwan gado a kan ciyawa,
su danne da duwatsu,
don iskar tekun Sukotlan ba ta san kunya ba.
Kakata Morag na cikinsu.
Ta ce tumaki sun riga kowa zuwa,
su suka fara aske filin, ba albashi, ba godiya.

Attajiran kan tudu suna da nasu filin golf,
da katanga, da mai gadi mai hular gashi.
Kakana Murdo Garvie, mai dukan ƙusa a cikin jirgin ruwa,
ya leƙa sau ɗaya, aka nuna masa hanya.
Bai ce uffan ba.
Ya dawo ya lanƙwasa bakin wani ƙarfe,
ya binne gwangwanin madara tsakanin shanya da shanya.
Ƙwallonsa na farko a rigar barcin matar limamin coci ya sauka.

Shekara bakwai suna sintiri a majalisar gari,
shi da Lachlan Petrie direban tarago,
har aka gaji da ganin takalmansu.
Aka ce to, ga rami tara, kowa kwabo biyu.
Mata suka ce, shanyarmu fa?
Aka bar musu Litinin.
Har gobe ba a buga rami na huɗu ran Litinin da safe.
Baƙo ya tambaya, mu ce haka muka tarar.

Da yaƙi ya zo, garma ta shiga.
Inda ake lallaɓa ciyawa kamar jariri
aka yi kunya-kunya, aka zuba dankali.
Akwai wani kwari gab da rami na bakwai,
ba mu muka haƙa shi ba, daga sama aka aiko shi da dare.
Yanzu yashi ne a ciki, mutane na zaginsa
ba su san me suke zagi ba.
Sunaye ashirin da uku a allon ɗakin shayi.
Na sha ɗaya ɗan Lachlan ne.
Sandunansa na nan a bayan ƙofa, ba mai taɓawa.

Aka ƙara tara, suka zama sha takwas.
Sannan aka rufe ma'aikatar jirage.
Ni lokacin ina cikin rumfar katako, ina yanka tikiti,
shekara talatin da ɗaya, da butar shayi mai yoyo.
Sai ga maza da hantsi, ranar aiki,
hannu a aljihu, aljihu ba komai.
Mutum huɗu, ƙwallo biyu.
Nakan sunkuya neman abin da bai faɗi ba
har su wuce.
Littafin kuɗi bai taɓa daidaita ba a shekarun nan,
kuma ba wanda ya tambaye ni.

Yau teku na cin rami na sha uku ta gabas,
taku ɗaya kowane hunturu.
Ta yamma kuma masu riguna ruwan ɗorawa
sun zo da igiyar awo, suna lissafin benaye.
An ce za a zauna a kai watan jibi.
An sha faɗin haka.

Ɗazu wata yarinya, Jagoda, 'yar mai gyaran famfo,
ta zo da sandar aro da ta fi ta tsawo.
Ta kai duka, iska.
Ta sake, ta tono ƙasa.
Na uku ban gani ba, shayina ya tafasa.
Na dai ji ƙarar, ƙwas,
irin wadda Murdo ke cewa ta fi kuɗin mako daɗi,
na leƙo, tana gudu tana ihu da yarensu,
ta bar jakar a ƙasa, cikin yayyafi.